AMSAR WASIƘUNKU: Me ke hana jini tsayawa ga wanda bai gaji ciwon ba?

A wannan mako mun ɗauko wasiƙar wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Boɗinga, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto:

"Ina gaishe ku da aiki. Mahaifina ne, shekarunai sun wuce saba'in, kuma tun tasowatai ba a san shi da ciwon jini ba. An yi mai kaciya, ya sha ƙaho, ya sha yankan lauje wurin aikin gona, jini na tsayawa kamar na kowa. Bana sai munka ga wani baƙin shaci na fitowa ga hannuwa da cinyoyinai, alhali ba abin da ya buge shi. Anka ce mataccen jini ne, anka kira wanzami ya yi mai ƙaho ga baya. Kwana biyu wurin na tsiyaya. Munka kai shi asibiti, anka ƙara mai jini leda biyu, ya ɗan ji ƙarfi, amma wurin bai bar zuba ba. Yanzu likita ya rubuta muna takarda mu tai Sakkwato a yi wani awo, wai za a gauraya jininai da na wasu. Wanga wane irin awo ne? Kuma wanga ciwo gado ne, har mu ji tsoro ga ɗiyanmu? Wasu na cewa sammu ne."

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin mu shiga bayani, ga magana ɗaya: takardar nan da likita ya ba ku kada ta kwana a aljihu. Kada a ce sai an ci kasuwa, ko sai an sayar da buhun gero. Ba a duba mara lafiya ta akwatin rediyo, saboda haka ba mu ne za mu yanke cewa ga ciwon Baba ba. Amma alamun da ka zayyana, da irin awon da aka rubuta, sun nuna abin da likitan ke zato. In kuwa shi ne, ciwo ne mai kisa, kuma yana da magani.

Bari mu fara da yadda jini ke tsayawa. Jini a cikin jijiya ruwa ne, kuma dole ya zauna ruwa. Amma da zarar ka yanke, dole ya zama guda cikin 'yan mintoci. Abu uku ke wannan aiki. Jijiyar da aka yanka takan tsuke bakinta. Sa'an nan wasu ƙananan ƙwayoyi masu yawo cikin jini, waɗanda likitoci ke kira filatilet, su taru su liƙe a bakin raunin, kamar yadda ake cusa tsumma a ɓular tulu. Sai dai tsumma ba ya riƙe ruwa da daɗewa. Na ukun su ne sinadaran daskarewa, narkakku ne cikin ruwan jini, ido ba ya ganinsu. Masana sun ba su lamba daga 1 zuwa 13, ko da yake babu mai lamba 6, don da aka bincika sai aka tarar na 5 ne ya sake kama. Wannan ya ta da wancan, wancan ya ta da na gabansa, kamar masu miƙon tubali wurin gini, har a ƙarshe a saƙa wani zare mai kama da raga wanda ke ɗaure gudan jinin ya zauna daram. In mutum ɗaya ya fita daga layin miƙon, gini ya tsaya. Hanta ce ke yin mafi yawan waɗannan sinadarai.

To jini na iya ƙin kamawa ta hanya biyu, kuma awon da aka tura ku bambanta su zai yi. Tambayi mai yin awara. In ta tafasa ruwan waken suya ta ga bai kama ba, ƙila ruwan tsami ne ya yi kaɗan. Ta ƙara, nan take ya dunƙule. Amma a ce wani yaro ya jefa dunƙulen kanwa cikin tukunyar ba ta sani ba. Tsamin da ta zuba ya isa, sai dai kanwa na kashe shi. Ta ƙara, kanwa ta cinye. A ido tukwanen biyu ɗaya suke, ruwa tsululu. Amma ta farko rashi ke damunta, ta biyun kuwa akwai mai ɓarna zaune a ciki.

Na rashin shi aka fi sani. Akwai wanda ake haifar yaro da shi, watau himofiliya. Uwa ke ɗauke da shi, galibi bai cika damunta ba, sai ya bayyana ga 'ya'yanta maza. Kimanin namiji 1 cikin 5,000 ake haifa da ƙarancin sinadari na 8; ƙarancin na 9 ya fi wannan wuyar samu. Mai tsananinsa ba ya ɓuya. Tun yaro na rarrafe ake ganin gwiwa ko idon sawu na kumbura, ranar kaciya kuwa a kwana ana fama. Bai bar gidan sarauta ba ma: Sarauniya Biktoriya ta Ingila na ɗauke da shi, ɗanta Liyofol ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya zame ya faɗi, kuma ta 'ya'yanta mata ciwon ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen. Dattijon da aka yi wa kaciya lafiya, ya shekara saba'in yana shan ƙaho ba abin da ya faru, da wuya a ce wannan ne.

Akwai kuma rashin da kan zo daga baya. Hantar da ta lalace, ko ta dalilin ciwon hanta mai sa shawara, ba ta iya yin sinadaran yadda ya kamata. Sinadari na 2 da 7 da 9 da 10 ba sa yiwuwa sai da bitamin K, shi ya sa ake yi wa jariri allurarsa ranar haihuwa. Wasu magungunan ɓera kuma aikinsu ke nan, su toshe hanyar bitamin K, ɓera ya yi ta zubar da jini ta ciki har ya mutu. Yaron da ya lasa, shi ma haka.

Sai na kanwa. Jikin mutum na da garkuwa, watau dakarun da ke gane baƙon abu, kamar ƙwayar cutar ƙyanda, su ƙera makami na musamman dominsa. Wani lokaci sai dakarun su ruɗe, su ɗauki ɗan gida a matsayin ɓarawo. Su ƙera makami a kan sinadari na 8 na mutumin da kansa. Jiki na ta yin sinadarin yadda ya saba, makamin nan na bi yana kamewa. Likitoci na kiran abin inhibita, ma'ana mai tarewa, ciwon kuma himofiliyar da ake samu daga baya. Hausawa kan ce wane shi ne mai hana ruwa gudu. To wannan mai hana jini tsayawa ne. Yakan faɗa wa wasu sinadaran ma, irin na 5 da na 9 da na 13, amma na 8 ya fi shan wahalarsa nesa ba kusa ba.

Ba ciwo ne mai yawa ba. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2007, ya samu kimanin mutum 3 cikin miliyan 2 a kowace shekara. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Boɗinga na da mutum kimanin 175,000, ta Shagari kuma kimanin 156,000. In ka auna su da wancan mudu, ƙananan hukumomin biyu a haɗe sai su yi shekara biyu kafin a ga mutum ɗaya. Ma'aikacin lafiya na iya gama shekarun aikinsa bai taɓa cin karo da shi ba. Saboda haka likitan da ya kawo wannan ciwo a ransa, maimakon ya ce a sake neman leda ta uku, ya yi abin a yaba masa.

Wa yake kamawa? A Turai an tattara bayanin majinyata 501 daga ƙasashe 13 tsakanin 2003 da 2008. Rabinsu sun haura shekara 73, maza da mata. Kimanin rabi ba a gano wani dalili tare da su ba ko kaɗan. Wajen 12 cikin 100 suna da ciwon daji, kusan haka kuma suna da wani ciwon da garkuwa ke yaƙar jiki, kamar wani irin ciwon gaɓoɓi mai murɗe yatsu. Kimanin 8 cikin 100 mata ne masu ciki ko masu jego. Zubar jininsa kuma daban take da ta yaran da suka gaji himofiliya. Su a gaɓoɓi take. Wannan kuwa ƙarƙashin fata da cikin tsoka: shaci mai faɗin tafin hannu ko faifai, cinya ko damtse ya kumbura ya yi tauri, fitsari ya yi ja, bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko wurin allura da haƙorin da aka cire su ƙi daina zuba. A wani tsohon bincike na 1981 a kan mutum 215, kashi 22 cikin 100 sun rasu. Yau magunguna sun rage wannan adadi ƙwarai, ga wanda aka gano nasa da wuri.

Yanzu mu shiga ɗakin awo. Amma a ƙasar noma, kafin likita ya ɗebi jini, akwai tambayar da zai fara yi: ko maciji ya sare shi? Kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa, dafinta kan ta da sinadaran daskarewa gaba ɗaya, su ƙone a banza, jini ya koma kamar ruwa. Mutum na iya ganin sarar ba ta kai ta kawo ba, sai bayan wuni ɗaya ko biyu dasashi ya fara jini. Awon wannan shi ne mafi arha a duniya, kuma a nan Arewa aka kafa shi. Dokta David Warrell da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, su suka yi aiki da shi a kan waɗanda kububuwa ta sara, suka buga sakamakon a 1977, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na koyar da shi. A ɗebi jini kamar rabin ƙaramin cokali, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ba a taɓa ba minti 20, sa'an nan a karkata. In ya zama guda, madalla. In ya kwarara, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi, a sake awon bayan awa 6. Dole gilashi, ba roba ba, kuma ba wadda aka wanke da sabulu ko omo ba, in ba haka ba awon ya yi ƙarya. Ko asibitin ƙauye na iya yin wannan. Sai dai abin da yake faɗa ɗaya ne, jini ya kama ko bai kama ba. Bai san dalili ba.

Neman dalili shi ke kai mutum babban asibiti. Za a fara da ƙidayar ƙwayoyin jini. Lafiyayyen mutum na da filatilet tsakanin 150,000 da 400,000 a cikin ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Sa'an nan awon agogo guda biyu. A sa kwalbar jinin a inji ya juya ta, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, wani ruwa mai launin ruwan ɗorawa ya taso sama. Wannan shi ne ruwan jini, a cikinsa sinadaran suke. A ɗiga masa magani, a danna agogo, a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya kama. Na farko za ku ga an rubuta PT a takarda. Wani likita Ba'amurke, Armand Quick, ya ƙirƙiro shi a 1935, kuma jinin lafiyayye kan kama cikin daƙiƙa 11 zuwa 14. Na biyu APTT, shi kuma wajen daƙiƙa 25 zuwa 40, gwargwadon maganin da kowane ɗakin awo ke aiki da shi. Kowanne da hanyar da yake bi. PT ba ya bi ta kan sinadari na 8, APTT kuwa dole ya bi ta kansa. Saboda haka in ciwon nan ne, sai a ga filatilet lafiya lau, PT lafiya lau, APTT shi kaɗai ya yi tsawo, daƙiƙa 60, 80, wani lokaci har fiye da 100. In kuwa hanta ce ko maganin ɓera, PT ma sai ya motsa.

A nan ne ake gaurayawar da ka tambaya. Kada hankalinku ya tashi. Ba a jikin Baba za a gauraya komai ba, kuma ba sai kun zo da mai ba da jini domin wannan awon ba. A cikin 'yar kwalba ake yi. Ɗakin awo na da ruwan jinin lafiyayyun mutane, 20 ko fiye, wanda aka haɗa wuri ɗaya aka adana. Sai a ɗebi na mara lafiya, a ɗebi na lafiyayyu daidai wa daida, a haɗa, a sake danna agogo. Kai ɗan kasuwa ne, lissafin ba zai ba ka wuya ba. A ce na mara lafiya ba shi da komai na sinadari na 8, na lafiyayyu na da 100. Mudu ɗaya na wannan, mudu ɗaya na wancan, gaurayen na da 50. Hamsin kuwa ta ishi jini ya kama a kan lokaci. Don haka in rashi ne kawai, agogo zai dawo daidai, likitoci su ce ya gyaru. In kuwa akwai mai tarewa, zai faɗa wa hamsin ɗin nan da aka kawo, agogo ya ci gaba da tsawo. An ƙara tsami, kanwa ta cinye.

Ga inda ƙwarewa take, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Dunƙulen kanwa ba ya narkewa nan take, sai a hankali, kuma ya fi saurin narkewa a ruwan ɗumi. Mai tare sinadari na 8 haka yake. In aka gauraya aka auna a take, sau da yawa agogo kan nuna ya gyaru, don bai riga ya yi ɓarnarsa ba. Mai gaggawa sai ya rubuta cewa rashi ne, a tafi neman jini. Ƙa'ida ita ce a auna sau biyu: a take, sa'an nan a ajiye gaurayen cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, har awa 2, a sake aunawa. In na farko ya gyaru, na biyu ya lalace, to an kama shi dumu-dumu. Saboda haka in an ce ku jira, ko ku dawo gobe, kada ku ɗauka wulaƙanci ne. Awa biyun nan na cikin awon. Har ma ba laifi ba ne mutum ya tambayi likita cikin ladabi, ranka ya daɗe, an yi na bayan awa biyun?

Akwai masu kama da shi da dole a fitar. Ɗaya shi ne hefarin, maganin tsinka jini da akan wanke robar ƙarin ruwa da shi; in aka ɗebi jini ta wannan robar, ɗan abin da ya saura ya isa ya ɓata awo, shi ya sa ake son a huda sabon wuri. Na biyun abin mamaki ne. Akwai wani mai tarewa da ake kira na lufus, wanda ke tsawaita APTT a kwalba, a gauraya ya ƙi gyaruwa tun daga farko. Amma a jikin mutum ba zubar jini yake sawa ba, akasin haka yake yi: jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ko mace ta yi ta ɓari. Kwalba ta ce ruwa, jiki ya ce guda. Maganinsu hannun riga ne, ka ga ruɗa su ba ƙaramin haɗari ba ne. Shi ma da awonsa daban.

In an fitar da waɗannan, sai a auna sinadari na 8 shi kaɗai, a ga nawa ya rage cikin 100. Daga nan a auna ƙarfin mai tarewar. A 1975 masana suka daidaita a kan ma'auni ɗaya, aka sa masa sunan garin Betesda da ke kusa da birnin Washintan na Amurka, a 1995 kuma masanan garin Naimehen na ƙasar Holan suka yi masa gyara. Ma'auni 1 na Betesda shi ne adadin mai tarewar da zai cinye rabin sinadari na 8 na lafiyayyen ruwan jini cikin awa 2 a digiri 37. Yadda ake yi, a yi ta tsarma ruwan jinin mara lafiya, ninki 2, ninki 4, 8, 16, ana gwadawa, har a kai inda ɓarnar ta tsaya a rabi. In sai da aka tsarma shi ninki 16, to ma'auninsa 16 ke nan. Ana samun mai 2, ana samun mai ɗaruruwa. Amma a kula, a wannan ciwo ƙanƙantar lamba ba ta nufin an tsira. Mai ƙaramar lamba na iya zubar da jinin da zai kai shi lahira. Amfaninta shi ne likita ya san irin maganin da zai fara da shi, ya kuma ga ko yana ci. Maganar sammu kuwa, abin da za mu ce shi ne, wannan abu ana kama shi a kwalba, ana ba shi lamba, kuma ana ganin lambar na sauka mako bayan mako in ana shan magani.

Iyayen yara masu himofiliyar gado, ku ma wannan awo ya shafe ku. Cikin yara 10 masu tsananin ƙarancin sinadari na 8, kimanin 3 jikinsu kan ɗauki allurar sinadarin da ake yi musu a matsayin baƙo, ya ƙera mata mai tarewa, galibi cikin allurai 50 na farko. Alamarsa ita ce allurar da ta saba tsayar da jini ta daina aiki. Kada a ce jabu ce a yi shiru, a nemi awo.

Ka ce an ƙara wa Baba jini leda biyu amma wurin bai daina zuba ba. Ba asara aka yi ba. Jinin ya mayar masa da jajayen ƙwayoyin da ya rasa, ƙila ma shi ya riƙe ransa, kuma in likita ya ce a ƙara, a ƙara. Sai dai ba zai tsayar da zubar ba, domin sinadari na 8 ba ya jure ajiya, jinin da ya kwana biyu a firiji kaɗan ya rage masa, ɗan abin da ya rage kuma mai tarewa na jiransa. Maganin gaske kashi biyu ne. Na farko a tsayar da jini da allurai masu kewaye sinadari na 8, kamar direban da ya ga gada ta karye ya bi ta wata hanya: akwai NovoSeven, akwai FEIBA, akwai kuma sabuwar allurar ƙarƙashin fata, Hemlibra, wadda ƙasar Japan ta amince a yi amfani da ita ga wannan ciwo a 2022. Gaskiya suna da tsada matuƙa, kuma ba a kemis ake samunsu ba. Na biyun shi ne a kwantar da dakarun da suka ruɗe, kuma abin farin ciki, maganin farko a nan ƙwaya ce mai arha, firedinisolon, wani lokaci a haɗa da wani. Yawancin majinyata mai tarewar kan ɓace, amma sai an yi makonni, sau da yawa wata ɗaya ko fiye. To kada wani ya ji sunan ya ruga kemis. Dangin ƙwayar nan ce da wasu mata ke sha don ƙiba. Tana ta da ciwon suga da hawan jini, tana karya garkuwa har tsohon tarin fuka ya farka, kuma tsofaffi da yawa ba zubar jinin ke kashe su ba, cutar da ta shigo lokacin shan maganin ce. Sai a hannun likita, da awo a kai a kai. Bayan an warke ma a riƙa komawa, domin 1 ko 2 cikin 10 yakan dawo musu.

Sai maganar tafiya. Daga Shagari ko Boɗinga titi ɗaya ne ya miƙe zuwa birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da sashen likitocin jini. Shawararmu, in Baba zai iya zama a mota, a kai shi da kansa, kada a ɗebi jini a ba wani ya saka a aljihu ya hau mota. Jinin wannan awo da ƙa'idarsa. A kwalba mai shuɗin murfi ake zuba shi, mai ɗan ruwan magani a ciki, kashi 9 jini, kashi 1 magani, don haka dole a cika ta har kan layi. Dole a auna shi cikin awa 4. Zafi na kashe sinadari na 8, zafin bazarar Sakkwato kuwa ya wuce digiri 40. Jinin lafiyayye ma in ya sha rana a tasha sai ya fito kamar na mara lafiya. Ɗora kwalbar kan ƙanƙara shi ma yana ɓata shi. Awon Betesda ba kowane asibiti ke yinsa ba. In za a aika wani gari, ma'aikatan ɗakin awo ne za su tace ruwan jinin, su daskarar da shi, su aika a daskare. Ku tafi da sassafe, ku riƙe duk takardun baya, da kwalaye da ledojin duk maganin da yake sha, har da na gargajiya, kada a ɓoye ko ɗaya.

Kafin nan da bayan nan, wanzami ya yi haƙuri. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba cire haƙori. Baƙin shacin nan ba mataccen jinin da za a zuƙe ba ne, jini ne da ya tsiyaya ƙarƙashin fata, kowace tsagar aska kuma sabuwar ƙofa ce aka buɗe masa. Kada a yarda a yi masa allurar ɗuwawu ko ta cinya, don tsoka na iya shanye jini mai yawa ba a gani ba. Kada a murza kumburin, kada a gasa shi da ruwan zafi. Maganin ciwon jikin da manoma suka saba sha bayan aiki, asfirin da ibufurofen da dikulofenak da feldin, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda, duk suna raunana filatilet, su kaɗai kuwa suka rage masa. Farasitamol ya isa. Inda aka huda aka ɗebi jini a danne da auduga minti 10 ko fiye. In kuwa ya fara ciwon kai mai tsanani, ko magagi, ko wuya da ƙarƙashin harshe suka kumbura, ko ya kasa miƙe ƙafa saboda ciwon kwankwaso, ko da tsakar dare ne a nemi mota.

Tambayarka ta ƙarshe, ko gado ne. In awo ya tabbatar mai tarewa ne, ba gado ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko jinya. Ɗiyanku da jikoki a yi musu kaciya kamar kowa. Wuri ɗaya ne yake ratsawa daga wani zuwa wani, shi ne daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Mun ce yakan kama masu jego, galibi cikin wata 1 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma sau da yawa haihuwar fari. Macen da jinin biƙi ya ƙi ɗaukewa, ko ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, ga kuma baƙin shaci a jiki, kada a tsaya ga wankan jego da kunun kanwa, a roƙi likita ya duba APTT. In kuwa tana da mai tarewar tun tana da ciki, yana iya bi ta mabiyiya ya shiga jinin jariri, ya zauna makonni kafin ya ƙare. Irin wannan mace ta haihu a babban asibiti, ta gaya wa ungozoma tun ranar awon farko, jaririn kuma a ɗaga masa cire belu da tsagar suna da kaciya har sai an auna jininsa likita ya ce ya kama.

Nan za mu dakata a wannan mako. Sai mun ji daga gare ku.